Tagogi Huɗu a Bangon Baya

A Bici, idan ka ce kana neman Injiniya Sha'aban, sai a tambaye ka ko mai tsani kake nufi. To, shi ne. Yana da ɗan shago a wani lungu bayan tasha, tebur ɗaya, kujeru biyu, da kwamfutar da murfinta ya tsage aka ɗaure da salatif. A nan yake zana wa mutane fulan ɗin gida da shago da makaranta. Injiniya kuwa suna ne da aka laƙaba masa, don a ƙasar nan duk wanda ya riƙe tef ɗin awo ya ɗora hular kwano ya zama injiniya. Shi takardarsa difloma ce a zanen gini, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Tsanin na ƙarfe ne mai ƙafa huɗu, yana ɗaure a gefen babur ɗinsa duk inda za shi. Masu ba shi aiki suna yi masa dariya, wasu har su ji haushi, don fili ne fetal babu ko bulo ɗaya, amma sai ya kafa tsanin ya hau ya tsaya yana waige-waige kamar mai duban jinjirin wata. In an tsokane shi sai ya yi ɗan murmushi ya ci gaba da abin da yake yi.

An haife shi a wani ƙauye da ke kan hanyar Bagwai, irin ƙauyukan nan da gida da gona suka cuɗe, ka fito daga zaure ka taka kunyar gero. Mahaifinsa Abdulmumini magini ne, na ƙasa, mai tubali da azara. Tagar da yake buɗewa ba ta wuce faɗin faifai ba, kuma can sama take kusa da rufi. Yana da wata al'ada da ya gada daga wanda ya koya masa gini. Kafin ya huda bango sai ya aika gidan maƙwabta a gaya wa mata magini zai hau. Ya jira su shige ɗaki, sannan ya kafa tsani, ya sa fuskarsa daidai inda tagar za ta zauna, ya duba. In idonsa ya faɗa kan turmin maƙwabci ko igiyar shanya ko randa, sai ya sauko ya matsar da tagar. Mai gida ya yi ta mita cewa ana ɓata masa lokaci, shi kuwa amsarsa ɗaya ce.

"Abin da na gani daga nan, shi mai ɗakin zai yi ta gani har ya mutu."

Sha'aban yana da shekara huɗu mahaifiyarsu ta rasu. Yayarsa Safiyatu ce ta goya shi, ta yi masa wanka, ta tsefe masa ƙaya a ƙafa, ta dake shi in ya ƙi makaranta. Shi ne ƙaramin ɗakinsu, don haka Auta take ce masa, har yau da yake da furfura a gemu. Yana da shekara goma sha uku tari ya kama mahaifin. Shekara biyu tsohon yana kwance a ɗakin da ya gina da hannunsa, ɗakin da ko da rana tsaka sai ka lalubi tabarma da ƙafa. Wani ma'aikacin asibiti da ya zo duba shi ya ce a buɗe taga iska ta shiga. Aka nuna masa tagar, ya ɗaga kai ya kalle ta. Sha'aban bai manta wannan kallon ba. Da aka kai tsohon makwancinsa, yaron ya ɗora laifin a kan ɗakin, ya tsani duhu, ya tsani ƙaramar taga, har ya ɗan tsani sana'ar uban nasa, ko da yake bai taɓa furtawa ba.

A lokacin Safiyatu tana aure a Tudun Kanya, gidan Malam Mika'ilu, manomi ne kuma mai karantarwa a zaure. Ita ta tsaya kai da fata sai ƙanenta ya yi karatun boko. Awakin da ta gada daga uwarsu duk a kan makarantarsa suka ƙare. In an yi hutu wajenta yake zuwa. Gidan ƙarami ne amma tsakar gidan tana da faɗi, a share tas, da bishiyar lemun tsami a gefe, bayan katanga kuma gonar dawa ce har iya ganinka. A tsakar gidan nan Safiyatu take koyar da matan aure karatun Alƙur'ani tsakanin azahar da la'asar. Sun kai ashirin. Da sun shigo sai su cire hijabi su rataye a igiya, mai shayarwa ta ba ɗanta nono, kowa da allonta a cinya. In an tashi wata ta zauna a yi mata kitso, wata ta kawo ƙarar ciwon baya. Akwai wata tsohuwa, Hure, da sai da ta haura sittin ta fara gane baƙi, ranar da ta karanta layi ɗaya da kanta ta yi kuka har ɗankwalinta ya zame. Safiyatu ba ta haihu ba. Makarantar nan ita ce abin da take tashi dominsa kowace safiya.

A Kano, a foliteknik, Sha'aban ya fara ganin manhajar zanen gini. Ka ja layi biyu, ga bango. Ka buɗe jerin tagogi, ga su nan iri-iri, har da manya na alminiyam masu gilashin turawa, irin na banki da manyan kantuna. Ka zaɓi ɗaya ka ja ta zuwa bango, bangon da kansa zai buɗe ya karɓe ta. Ka rubuta faɗinta, ka rubuta tsayinta daga ƙasa, an gama. Babu tsani, babu aike gidan maƙwabta, babu jira. Malaminsu ya koya musu cewa taga ta fuskanci taga, iska ta shiga nan ta fita can, ɗaki ya yi numfashi. Sha'aban ya ji maganar har cikin ransa, ya tuna babansa, ya ce a zuciyarsa da an san wannan da wataƙila tsohon yana nan. Abin da malamin bai faɗa ba, don ba ya cikin littafi, shi ne a fuskar kwamfuta bayan bango babu komai sai baƙin fili. Babu turmi a wajen, babu randa, babu mace mai fitowa daga wanka.

Ya gama karatu, ya yi wa wani ɗan kwangila aiki shekara uku, ya yi aure, ya buɗe shagonsa a Bici. Ayyukan ƙanana ne, ɗaki ciki da falo, shago mai ƙofa biyu. Ko a nan ma an san shi da manyan tagogi, har birkiloli suna tsokanarsa wai in aka bar shi zai zana gida babu bango.

Sai ga Alhaji Dabo. Ɗan kasuwa ne a Dawanau, mai wake da riɗi, asalinsa mutumin Tudun Kanya. An fitar da sabon titi ta gefen garin, magada suna ta yanka gonaki suna sayarwa, shi ma ya sayi fili. Yana son bene, ƙasa ɗakunan ajiye buhuna, sama ɗakuna huɗu na haya. Ya turo wa Sha'aban hoton takardar awon filin ta waya, lambobi ne kawai da layuka huɗu.

"Irin na birni nake so, Injiniya," in ji shi. "Gilashi. Wanda ya taho daga Bici ya hango ya san an zo gari."

Wannan ne babban aikinsa na farko. Ya ce ranar Juma'a zai je ya taka filin, ya biya ya gaida Yaya. Juma'ar ta zo aka tashi da ruwa. Ta gaba aka yi rasuwa a unguwarsu. Ta gaba kuma babu wani dalili, gaskiyar magana bai ga amfanin zuwan ba. Ga lambobi a hannunsa, me ƙafa za ta gaya masa da takarda ba ta faɗa ba? A tunaninsa ma filin yana can wajen kasuwa ne, inda kowa yake gina shago. Ya zauna da hantsi ya zana bangon gaba na saman benen, ya jera masa tagogi huɗu manya, kowacce faɗinta ƙafa shida. Ya ja baya ya kalle su, suka yi masa kyau. Sai ya zagaye su duka huɗun ya umarci manhajar ta kwafe su zuwa bangon baya, taga ta fuskanci taga. Bai ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba. A ƙasan takardar ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, Sha'aban Abdulmumini.

Bayan kaka aka fara gini. Shi kuma ya samu aikin duba ginin wata makaranta a wajen Kazaure, ya yi wata bakwai yana can. Yana kiran yayarsa duk Juma'a. Lafiya lau take ce masa, ta tambayi matarsa Ikilima, ta tambayi ko yana cin abinci.

Abin da ba ta gaya masa ba shi ne filin Alhaji Dabo gonar dawar nan ce ta bayan katangarsu. Da ginin ya haura, aka bar ramuka huɗu a bangon baya, Malam Mika'ilu ya zagaya ya sami shugaban birkilolin, wani Kamaruddeen, ya yi masa magana cikin lumana. Kamaruddeen ya ce shi ma abin ya tsaya masa a rai, amma shi takarda yake bi, ya warware ta ya nuna masa. Malam ya karanta sunan da ke ƙasa, ya naɗe takardar ya miƙa masa, ya koma gida. Ya gaya wa Safiyatu abin da ya gani.

"Auta ba zai yi haka ba sai da dalili, Malam," ta ce. "Wataƙila za a toshe. Don Allah kar ka kira shi. Aikinsa ne na farko, kar a ce daga gidan yayarsa aka fara kai ƙararsa."

Malam mutum ne mai kunya, da ƙanen matarsa kuma ba ya wasan da wasu suke yi. Bai kira shi ba. Aka zo aka ɗaura alminiyam da gilashi.

Kwana uku bayan ƙaramar Salla Sha'aban ya taho gaida yayarsa. Ta sabon titi ya biyo, don ya fara ganin aikinsa. Daga nesa ya hango benen yana ɗaukar ido, ya tsaya ya ɗauki hoto har uku. Ya ji wani daɗi da bai taɓa ji ba. Ya hau sama. Wasu samari ne suka kama ɗakunan, masu sayen amfanin gona da masu gyaran waya. Da suka ji shi ne ya zana sai suka miƙe suna ba shi hannu. Ya nufi tagar baya, tana buɗe, an ajiye benci a gabanta, ga ɓawon gyaɗa a ƙasa. Ya leƙa.

Igiyar shanya ya fara gani. Sai turmi, sai randa, sai makewayi marar rufi da buta a bakinsa. Sai bishiyar lemun tsami. Ya san bishiyar, shi ya taya dasa ta. Kafin ya ja da baya wata mata ta fito daga ɗaki, cikin zafin nan na bazara, lulluɓe da dogon hijabi har ƙasa. Ta bi jikin katanga a rakuɓe, kanta a sunkuye, ta ɗauki tukunya da sauri ta koma. Ko a cikin mata dubu zai gane tafiyar yayarsa.

"Iska tana shigowa sosai, Injiniya," in ji ɗaya daga cikin samarin. "Wallahi ka iya aiki."

Bai san yadda ya sauko ba. Ya zagaya ta tsohon lungu ya yi sallama. Lokacin karatu ne amma tsakar gidan babu kowa. Ya same ta a ɗaki ita da Hure, su biyu, da allo ɗaya a tsakaninsu. Ta yi masa maraba da fara'a, ta kawo ruwa, ta ce ya rame.

"Yaya, ina matan?"

"Suna gidajensu."

Hure ce ta kasa haƙuri. Ta ce mazajen ne suka hana, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Wa zai bar matarsa ta zauna tana shayarwa samari suna sama da waya a hannu? Da farko sun gwada zama da hijabi, zafi ya kore su. Sun gwada shiga ɗaki, ɗakin bai ɗauki mutum shida ba. Ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa. Ita dai tsohuwa ce, wanda ya ga dama ya kalla.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba, Yaya?"

"In ce maka me, Auta? Sha ruwanka."

Ya so ta zage shi. Da ta ɗaga hannu ta kai masa duka kamar da, da ya fi samun sauƙi. Ba ta yi ba, sai ma tambayarsa da ta yi ko gaskiya ne daga Bici ana hango benen.

Washegari ya tafi Dawanau. Ya sami Alhaji Dabo zaune a kan buhunan wake ana auna masa kaya. Alhaji ba mugun mutum ba ne, ya saurare shi har ƙarshe, ya yi salati, ya ce shi bai taɓa leƙawa ta baya ba.

"Amma Injiniya, ni na ce ka sa a baya? Gilashi na ce. Kai ka san inda ake sawa."

Gaskiya Alhaji ya faɗa. Sha'aban ya roƙa a bar shi ya cire tagogin ya toshe da bulo, shi zai yi komai da hannunsa. Alhaji ya ce zai ji ta bakin masu haya. Masu haya suka ce rana tana dukan gaban benen tun daga azahar, in aka toshe baya ɗakunan sun zama tanda, su tashi za su yi. Aka daidaita a kan a shafa wa gilasan fenti. Sha'aban ya zo da kansa ya shafa. Kwana biyu aka yi tagogin suna rufe, rana ta uku zafi ya yi zafi aka ture su gefe, kamar yadda aka ƙera su su yi. Ya kafa musu allunan katako daga waje, iskar farkon damina ta fizge biyu ta jefa ɗaya a tsakar gidan, saura kaɗan ya faɗa wa Safiyatu.

Mai unguwa ya aiko cewa in Malam Mika'ilu ya kawo ƙara za a zauna. Malam ya ƙi. In aka zauna dole a warware takardar nan gaban dattawa a karanta sunan da ke ƙasa, shi kuma ya yi wa matarsa alkawari. Ya ƙara wa katangar tubali layi biyar, ruwan Agusta ya zubar da su, kuma ko da sun tsaya, ina katangar ƙasa za ta kamo bene? Aka yi maganar tashi. Tashi zuwa ina? A ƙasar nan babu taƙin da ba shi da mai shi, ɗan abin da Malam yake nomawa in ya gina a kai babu abin ci.

A kwanakin nan ne wata rana da hantsi Sha'aban ya buɗe zanen benen a kwamfutarsa. Ya zagaye tagogi huɗun na baya ya goge. Bangon ya haɗe da kansa, sumul, ko tabo babu. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ji kunya, ya tuna tsohon da ya raina, yana tsaye a kan tsani da fuskarsa a jikin ɗanyen bango. Daga shagon ya wuce wajen masu walda ya ba da aikin tsani. Tun daga ranar bai ƙara sa taga a bango ba sai ya je ya hau ya duba, kuma kafin ya hau sai ya aika gidan maƙwabta. In bene ne, inda tsanin ba ya kaiwa, bishiya yake hawa ko rufin shagon da ke kusa. Ayyuka da yawa sun kuɓuce masa saboda wannan, don mai gini ba ya son a ce masa tagarsa ta yi girma.

Da kaka ta zo Malam Mika'ilu ya yi abin da ya rage. Ya sare lemun tsamin, ya kafa dirkoki, ya rufe tsakar gidan gaba ɗaya da tsofaffin kwanuka da zana da buhunan da aka farke aka ɗinke. Daga sama yanzu babu abin da ake gani sai tsatsa. Mata biyar sun dawo. Sai dai ba a ganin rubutun allo a ciki, don haka Safiyatu ta koma biya musu da ka, suna maimaitawa, kamar yara. Hure ta daina kawo allonta, ta ce a duhu baƙaƙen duk sun koma yadda suke kafin ta san su.

Sha'aban yana zuwa duk Juma'a yanzu, ko ana ruwa. Ba ya bin sabon titi, ta tsohon lungu yake shiga. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, rana tana tsakiyar sama, ya yi sallama ya wuce zaure ya sa ƙafa a tsakar gidan. Bai ga komai ba. Hayaƙin murhu ya taru a ƙarƙashin rufin ya rasa hanyar fita, wurin yana warin ƙasar da rana ta daɗe ba ta taɓa ba. Ya san warin nan tun yana ɗan shekara goma sha uku. Daga can gefe ya ji tari, dogo, mai fitowa daga ƙirji, har sau uku kafin ya lafa.

"Yaya, tun yaushe kike wannan tarin?"

"Hayaƙi ne kawai," ta ce. "Tsaya nan tukuna, Auta, ka bari idonka ya saba. Akwai turmi a gabanka."